'Yan fansho: karɓar bashi daban, yaƙi da talauci daban

Kawuna yana da wata jakar leda da yake ajiyewa a ƙarƙashin katifa. A cikinta akwai takardar ɗaukarsa aiki, da ta ƙarin girmansa na ƙarshe, da ta ajiye aiki, da wasu 'yan ƙananan hotuna da suka fara koɗewa. Shekara 35 ya yi yana koyarwa a firamare. Duk sa'ad da aka yi shelar tantance 'yan fansho a rediyo, ana idar da sallar asuba zai ɗauki jakar nan ya kama hanya. Sau ɗaya na taɓa raka shi. Bencinan da aka jera ba su ishi kashi ɗaya cikin uku na mutanen da suka zo ba, sauran suka shimfiɗa kwalaye a gindin darbejiya. Wajen azahar wani matashin ma'aikaci ya leƙo ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, sabis ya ɗauke, sai dai gobe." Wani dattijo da ke kusa da mu ya gyara zaman sandarsa ya ce wa kawu, "Malam, ai kiranmu aka yi a ga ko mun mutu. To ga mu."

Abin da ya tsaya mini a rai ba jiran ba ne, hirar da ake yi ce. Tun safe har muka tashi, zancen bai wuce wane gwamna yana biya, wane ba ya biya, wata nawa ake bin wane ba. Ban ji wanda ya ce ko da an biya shi kan kari, ba a rage ko kwabo ba, kuɗin ba zai kai shi tsakiyar wata ba. Alhali kowa a wurin ya san haka ne.

A nan nake ganin gwagwarmayar 'yan fansho a Najeriya ta maƙale. Shekara da shekaru ƙarfinta yana ƙarewa wajen karɓo bashi, kuma 'yan siyasa sun gane cewa wanda yake bin ka bashi, ranar da ka ba shi rabi godiya zai yi.

Sai an san yadda tsarin yake kafin a gane dalili. A da, gwamnati ce ke ɗaukar nauyin komai: ka gama aiki, a ba ka giratuti a dunƙule, sannan a riƙa ba ka fansho duk wata daga kasafin kuɗi. Ba a ware komai a gefe, ana jiran abin da ya shigo ne kawai. Zuwa farkon shekarun 2000 an ƙiyasta bashin ya kai wajen naira tiriliyan 2. Gwamnatin Obasanjo ta kawo dokar 2004, wadda aka kwaikwayo daga ƙasar Chile, aka kafa hukumar kula da fansho ta PenCom, aka koma tsarin adashin gata: ma'aikaci ya zuba kashi 7.5 na albashinsa, mai ɗaukar aiki ya zuba 7.5, a wani asusu mai sunan ma'aikacin da kamfanonin fansho ke juyawa. A 2014, zamanin Jonathan, aka ɗaga zubin ya koma kashi 8 da kashi 10. Waɗanda suka rage a tsohon tsari na tarayya kuma aka danƙa su ga hukumar PTAD.

A takarda abin ya yi kyau, kuma ta wata fuskar ya yi aiki, domin kuɗin da aka tara ya haura naira tiriliyan 22 a ƙarshen 2024. Amma akwai ramuka biyu. Wanda ya fara aiki kafin 2004 yana da haƙƙin shekarunsa na baya, wanda gwamnati za ta zuba masa a asusu kafin ya fara karɓar komai. Gwamnati ta riƙa jinkirin zubawa, sai mutum ya ajiye aiki ya shekara ko fiye ba albashi ba fansho. Wannan na cikin abin da ya sa a Fabrairun 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a ciwo bashin naira biliyan 758 ta hanyar takardun lamuni don a share tarin da ya taru. Rami na biyu ya fi zurfi. A tsarin adashin gata abin da ka tara shi za ka ci. Wanda ya yi rayuwarsa da ƙaramin albashi, asusunsa ƙarami ne, kuma idan darajar naira ta zube, asarar a kansa take, ba a kan gwamnati ba. Dokar 2014 ta hango haka, ta tanadi mafi ƙarancin fansho da ba za a biya kowa ƙasa da shi ba, da asusun da zai cike giɓin. Aka kwashe shekara goma tanadin yana kwance a takarda.

Sai ga 29 ga Mayun 2023. Aka cire tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar wannan shekara. Ma'aikata sun yi barazanar yajin aiki, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024. Ɗan fansho fa? An amince da ƙarin naira 32,000 ga na tsohon tsarin tarayya, amma kafin ya shiga aljihu sai da aka sha jira da zanga-zanga. A jihohi kuwa kowane gwamna da nasa ra'ayin. Kuma tsufa ba ya zuwa shi kaɗai. Hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙafa kowanne da maganinsa na wata-wata, mafi yawa daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala.

Abin takaicin shi ne, maganin wannan yana rubuce tun 1999. Sashe na 173 na kundin tsarin mulki ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan tarayya duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashi, duk wanda ya riga zuwa. Sashe na 210 ya faɗi haka game da jihohi. Sai dai kalmar da aka yi amfani da ita "a duba" ce. Ba a ce a ƙara nawa ba, ba a ce da wane ma'auni ba, ba a kuma faɗi abin da zai samu gwamnan da ya ƙi ba. Shi ya sa kowane ƙari yake zama roƙo, a kafa kwamiti, a kai ziyarar ban girma, a fito a yi wa mai girma addu'a.

A duba yadda aka yi a Birtaniya, ba don sun fi mu tausayin tsofaffi ba, sai don tasu gwagwarmayar ta bi wata hanya daban. Fanshon gwamnati na farko a can, na dokar 1908, sule biyar ne a mako ga wanda ya kai shekara 70, kuma sai da ƙungiyoyin ƙwadago da malaman coci da masu bincike kan talauci irin su Charles Booth suka yi wajen shekara goma suna matsa lamba kafin a samu. A 1979 wani tsohon shugaban ƙwadago, Jack Jones, ya jagoranci kafa babbar ƙungiyar 'yan fansho ta ƙasar, kuma abin da suka fi nacewa a kai shi ne a ɗaure fansho da albashi, kada ma'aikata su yi gaba a bar tsofaffi a baya. A 2010 gwamnatin haɗin gwiwa ta kawo ƙa'idar da za a iya kira kwaɗo uku: duk shekara fansho zai ƙaru da duk wanda ya fi yawa a cikin abu uku, hauhawar farashi, ko ƙaruwar albashi, ko kashi 2.5. Ba kwamiti, ba ziyara. Lokaci ya yi, lissafi ya yi aikinsa. Masana tattalin arziki da yawa suna kukan ƙa'idar ta yi wa baitulmali tsada, kuma suna da hujja, amma manyan jam'iyyu suna tsoron taɓa ta.

An ga dalilin tsoron a 2024. Jam'iyyar Leba ta ci zaɓe da gagarumin rinjaye a watan Yuli, kuma a cikin watan ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar da cewa kuɗin ɗumama ɗaki na hunturu, fam 200 zuwa 300 da ake ba kusan kowane ɗan fansho, daga yanzu sai mafi talauci kaɗai. Kimanin mutum miliyan 10 suka rasa. Ƙungiyoyin tsofaffi da na ƙwadago suka tashi da takardun koke da gangami, 'yan majalisa suka riƙa shan tambaya a mazaɓunsu. A Mayun 2025 jam'iyyar ta sha kashi a zaɓen ƙananan hukumomi, ta kuma rasa wata kujerar majalisa da ƙuri'a shida kacal. Kafin Yuni ya ƙare gwamnati ta janye, ta mayar da kuɗin ga duk wanda abin da yake samu a shekara bai wuce fam 35,000 ba. Ko shekara ba a yi ba.

To me ya sa can ake jin tsoronsu, nan ake ce musu su dawo gobe? Na farko lissafi ne. A Birtaniya tsofaffi suna da yawa, kuma sun fi matasa fita jefa ƙuri'a nesa ba kusa ba. A Najeriya rabin al'umma ba su kai shekara 20 ba. A rajistar zaɓen 2023, mai mutum sama da miliyan 93, 'yan shekara 18 zuwa 34 sun kusa kashi 40, waɗanda suka kai 70 kuwa ba su kai kashi 6 ba. A cikin tsofaffin ma, masu fansho 'yan tsiraru ne. Na biyu, makamin ma'aikaci yajin aiki ne, kuma ranar da ya ajiye aiki ya ajiye makamin. Ƙungiyar 'yan fansho ta ƙasa tana ƙarƙashin inuwar babbar ƙungiyar ƙwadago ta NLC, amma idan aka zauna teburin ciniki da gwamnati, albashin masu aiki ne a gaba, batun fansho yakan zo a sakin layi na ƙarshe. Ga kuma rarrabuwa: na tarayya daban, na jiha daban, na ƙaramar hukuma da malaman firamare daban, na tsohon tsari da na sabo kowa da kukansa.

Rashin yawa ba ya nufin rashin ƙarfi gaba ɗaya. A Ghana, farkon 2023, lokacin da gwamnati ta so ta sauya sharuɗɗan bashin da ta ci a cikin gida, abin ya shafi tsofaffin da suka zuba ajiyarsu a takardun lamuni. Suka ɗauki kujerunsu suka tare a harabar ma'aikatar kuɗi a Accra, kullum. Da tsohuwar babbar jojin ƙasar, Sophia Akuffo, ta zo ta zauna tare da su riƙe da kwali, hoton ya zaga duniya, gwamnati ta tsame su daga shirin. Buƙatarsu guda ɗaya ce, a fili take, kuma wadda ta fi su gata ta zauna a cikinsu.

Mu a nan akasin haka ake yi. Duk wanda ya samu ƙarfi, iya ruwa fidda kai. A 2011 aka cire sojoji da jami'an leƙen asiri daga tsarin adashin gata. A 2023 ma'aikatan majalisar dokoki ta ƙasa suka samu tasu hukumar fanshon. A Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda suka yi dafifi a ƙofar majalisa da hedikwatar rundunar a Abuja suna neman su ma a fitar da su. Ba na ganin laifinsu. Mutumin da ya yi shekara 35 yana kwana a kan titi da bindiga, ya ga abin da aka ba shi, ya ga na takwaransa soja, dole ransa ya ɓaci. Amma duk rukunin da ya fita, ya tafi ne da muryar da za ta iya tilasta a gyara tsarin. Wa zai rage a ciki? Malamin makaranta, da ma'aikaciyar jinya, da masinja.

Su kuwa masu rabon, tuni suka yi wa kansu tanadi. Ban da dokar Legas ta 2007, wadda Bola Tinubu ya sa wa hannu yana gab da barin kujerar gwamna, jihohi da dama sun yi dokokin da ke ba tsofaffin gwamnoni gidaje da motoci da kuɗin wata-wata har ƙarshen rayuwa, saboda aikin shekara huɗu ko takwas. A Zamfara sai da wasiƙar tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ta fito fili a 2019, yana neman a biya shi naira miliyan 10 na kula da kai duk wata, sannan majalisar jihar ta soke dokar cikin 'yan kwanaki. Wannan ya nuna majalisa tana iya sauri idan ta ga dama. A wannan shekarar ce kuma wata babbar kotun tarayya a Legas, a ƙarar da ƙungiyar SERAP mai yaƙi da rashawa ta shigar, ta umarci a ƙwato fanshon da tsofaffin gwamnoni suka karɓa alhali suna cin albashin sanata ko minista.

Batun sata ba sai an daɗe a kai ba, kowa ya san shi. A 2013 wani jami'in ofishin fanshon 'yan sanda, John Yakubu Yusuf, ya amsa laifi a shari'ar biliyoyin naira, aka ba shi zaɓin tarar naira 750,000, sai daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta tsananta hukuncin. Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora don ya tsabtace harkar, a Nijar aka kamo shi a ƙarshen 2020, aka ɗaure shi shekara takwas a 2021 kan sama da naira biliyan 2. Sunayen bogi a ofis ake cusa su, amma wanda ake tasowa daga ƙauye ya zo ya tabbatar yana numfashi shi ne kawuna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk wannan ya haifar da wata irin siyasa da muka saba da ita har mun daina ganin baƙuntarta. Gwamna ya tara bashi ya tafi. Wanda ya gaje shi ya zo ya ce ga abin da ya tarar, ya fara biya kashi-kashi, a yi taro a gidan gwamnati, a miƙa ƙaton ceki na kwali, dattawa su yi hawaye a gaban kyamara. A Kano gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce ta gaji bashin giratuti na kimanin naira biliyan 48, ta fara biya a ƙarshen 2023. Wanda ya karɓi kuɗinsa bayan shekaru yana jira, ba wanda zai hana shi murna, kuma gwamnan da ya biya ya fi wanda ya ƙi. Sai dai a yi lissafi. Giratutin da ya kamata a biya a 2017, aka biya a 2024, adadin bai canza ba amma ba kuɗi ɗaya ba ne. Wanda da zai gina ɗaki biyu ya sa haya, yanzu da ƙyar ya yi rufin ɗaya. Ba a biyan wannan asarar, ba ma a ambatonta. Kuma babu abin da zai hana gwamna na gaba ya sake tara wani bashin, tunda abin ya dogara ne da halin mutum, ba da dokar da ke cire kuɗin kai tsaye ba. Ana yawan misali da Jigawa a arewa, kuma sirrinta bai wuce asusu na daban da ake zuba masa kuɗi a kai a kai ba.

Akwai kuma abin da ƙungiyoyin 'yan fansho ba su cika son a taɓo ba. Mafi yawan tsofaffin Najeriya ba su taɓa karɓar albashi ba. Manomi, da maƙeri, da mai ƙosai, da ɗan dako, babu mai bin gwamnati ko sisi, saboda haka babu su a cikin zancen. Asusun adashin gata da aka buɗe zuwa ƙarshen 2024 ba su wuce miliyan 10 da 'yan kai ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. A 2019 Buhari ya ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar hannu, amma wanda abin da ya samu yau shi zai ci yau, me zai zuba?

Wasu ƙasashen Afirka da tattalin arzikinsu bai kai namu girma ba sun bi wata hanya, wato fanshon tsufa ga kowa, ko ya yi aikin gwamnati ko bai yi ba. Botswana ta fara a 1996, Lesotho a 2004 ga 'yan shekara 70, Zanzibar a 2016 bayan ƙungiyoyin tsofaffi sun daɗe suna nema, Kenya ta biyo a 2018. Kuɗin ba yawa, amma da zarar ya zama na kowa sai ya zama abin da 'yan takara ke gasar ƙarawa, domin kowane gida akwai tsoho, kuma jikokinsa suna da katin zaɓe. A zaɓen Botswana na 2024, wanda ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyyar da ta riƙe ƙasar tun samun 'yanci, ƙarin kuɗin tsofaffi yana cikin manyan alƙawuran 'yan adawa. A Meziko, López Obrador ya fara biyan tsofaffi tun yana magajin garin babban birni a 2001, ya hau shugabanci, aka shigar da abin cikin tsarin mulki a 2020.

An gwada a nan ma. A 2011 gwamna Kayode Fayemi ya fara ba tsofaffi marasa galihu 'yan shekara 65 naira 5,000 duk wata a Ekiti. Bai hana shi shan kaye a 2014 ba, kuma shirin ya yi ta tangal-tangal da sauyin gwamnati. Wasu za su ce ka gani, abin ba ya kawo ƙuri'a. Ni abin da na gani shi ne kyauta ce daga sama, babu wata ƙungiya a ƙasa da ta nema ta kuma tsaya ta kare shi. Wasu kuma, musamman a wajenmu, za su ce kula da tsoho aikin 'ya'yansa ne, addini da al'ada sun ɗora musu. Gaskiya ne, kuma har yanzu shi ke riƙe da yawancin gidaje. Amma a leƙa gidajen da kyau. Sau da yawa ɗan da ake sa ran zai ɗauki nauyin uban ya gama karatu yana zaune, kuma ɗan fanshon nan na uban ne ake jira a sayi masara. Maganar tsada ita ce mai nauyi, kuma ba ƙarya ba ce ga gwamnatin da biyan bashi ke cinye kaso mai yawa na kuɗin shigarta. Sai dai ƙarancin tsofaffin da ya raunana su a akwatin zaɓe, shi ne kuma ya sa ɗaukar nauyinsu bai kai na Turai tsada ba.

Da muka dawo daga tantancewar nan da yamma, mun tarar da yayan kawu a ƙofar gida, wanda duk muke kira Baba Babba. Ya ba shi wajen shekara shida, noma ya yi har gwiwoyinsa suka ƙi, gonar ma an raba wa 'ya'ya. Kawu ya zauna yana ba shi labarin wahalar da aka sha, da cewa sai an koma gobe, ga kuɗin mota ya tafi a banza. Baba Babba ya saurara har ya gama, sannan ya dubi jakar ledar ya ce, "Kai dai ka gode Allah, ƙanena. Kai ana ma neman a san ko kana raye."